Idan-Kuma da Auta

A ɗakin karatun jami'a ya fara ganinta, ranar da ta leƙo ta bayan kantar littattafai ta ce, "Malam, ara mini biro."

Ya miƙa mata. Ta yi murmushi, shi kuwa nan take ya yanke cewa rigarsa take yi wa dariya.

Idan-Kuma abokansa ke kiransa, don kowace magana tasa da "idan kuma" take farawa. Malami ya yabe shi, ya ce tausayi ne. Ya ci jarrabawa, ya ce kuskuren maki ne. Ita kuwa Auta, ga surutu ga son mutane, da kanta ta karɓi lambarsa.

"Ɗan birona, ka ci abinci?" ta rubuto.

Ya nuna wa Dogo, abokin ɗakinsa. "Ka gani? Ta lura na rame."

"Sonka take yi, sakarai."

Soyayya ta kankama, har ranar da ya hango ta tana dariya da shugaban ajinsu. Ya kashe waya, ya shige bargo, ya daina zuwa lacca. Dogo da sauran abokai suka tasa shi gaba sai ofishin mai ba ɗalibai shawara.

"Wa ya ce maka ta bar ka?" matar ta tambaya.

Ya yi tunani. "Ni."

Da ya kunna waya, saƙon Auta na jiransa: "Shugaban ajin nan ƙawata yake so, ni 'yar aike ce. Kai ke tambaya, kai ke amsawa a madadina. Masoyi, ka bar mini bakina."

Ya ci gaba da zuwa ofishin, ya koyi tambaya kafin shiga bargo.

Bayan sun kammala, ya je gaida mahaifinta. Tsoro ya kama shi, ya hau lissafa aibobinsa: mantuwa, minshari, har da tsoron kyankyaso.

"Wannan ba aure ya zo nema ba," in ji tsohon, "ƙarar kansa ya kawo. Ban yarda ba."

Auta ta yi kuka. Shi ma ya yi, amma washegari ya goge takalmi ya koma.

"Baba, tsoro kam ina da shi. Sai dai ban taɓa yi mata ƙarya ba, kuma na fi tsoron rasa ta."

Tsohon ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce a kawo wa yaron ruwa.

Ranar ɗaurin aure Dogo ya fi kowa hawaye, har sai da ango ya lallashe shi. Mahaifin Auta ya kama hannun surukinsa.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Ɗago kanka, ɗana. Minsharin kuwa kada ka damu, a gidan nan ta girma, ta saba da nawa."