Gawar da Ta Amsa Sallama

Ranar Laraba da hantsi Mansura, mai ɗakin kallo a Keita, ta faɗo komisariya, ofishin 'yan sanda, ɗankwali a hannu.

"Sufeto, an sace kaset!"

Kaset ɗin fim ne na kisan kai da samarin garin suka yi shekara talatin baya, shi kaɗai ya rage. Jibi za ta aika da shi Yamai a yanke kurakuran cikinsa, kowa ya sani.

Sufeto Ridwan ya je ya duba. Ba a fasa komai ba. Ɓarawon ma ya share ɗakin tas, ya jingine tsintsiya.

"Wanga ɓarawo na da tarbiyya," in ji shi.

Ya fara da Manzo, wanda ya fito a ɗan sanda cikin fim ɗin.

"Ni babu kuskurena ciki," in ji Manzo.

"An ce ka shiga gona kana bin mai laihi gero na ga gwiwa, ka hito an yi girbi."

"Mai kamara ne ya tahi Abijan wata ukku! In kuskure kake nema, ga marigayi Mahaman, shi ne gawa. An shimfiɗe shi ana ɗauka, wani tsoho ya ratso ya yi sallama. Sai gawa ta amsa, har ta tambayi iyali."

"Ba a sake ɗauka ba?"

"Da wane batir?"

Sufeto ya nufi gidan Dije, matar marigayin. Tsakar gidan a share tas, tsintsiya a jingine.

"Inna, ina kika kwana da zancen kaset?"

"Wane kasko?"

"Kaset."

"Ɗana, ni ban san shi ba. Abu baƙi mai tsaga a gehe, ina zan gan shi?"

"Wa ya ce miki yana da tsaga, Inna?"

Dije ta buɗe kwanon goronta, ga kaset a naɗe cikin tsumma mai tsabta.

"Ni na ɗauka. Na tarar da ƙofa buɗe, ɗakin kuma ƙazanta." Ta goge ido. "Shekara bakwai da rasuwa tai. Cikin fim ɗin duka ba su ba shi magana ko ɗaya ba, sai wagga da ya yi da kansa. Ita za su yanke. To, ina zan ƙara jin muryar Mahaman?"

Sufeto ya ninke takardar bincikensa.

"Tashi mu tahi, Inna."

"Kaso?"

"Komisariya. Wanga kaset shaida ne, ba mai taɓa shi da almakashi sai na gama bincike. Ni kuma ban da sauri."

Ya buɗe mata gaban mota. Ta zauna, kaset a cinya, ta leƙo ta taga.

"Ɗana, can wurinku akwai telebijin?"