Ƙayar Kifi a Gindin Katanga

Yammacin da abin ya fara, rana ta riga ta faɗa bayan tankin ruwan maƙwabta, tsakar gidan ya ɗauki wannan duhun da ba dare ba ne, ba kuma rana ba. Mai Girki ta dawo daga gidan abincin da take aiki, ƙafafunta a kumbure, mayafinta na warin soyayyen mai. Ta ajiye kular da ta ciko da ragowar abincin ranar, ta leƙa kwanon mage da ke ƙarƙashin matakala. Yadda ta zuba abincin da safe haka yake, ko ƙwaya ɗaya ba a taɓa ba.

Magen tana kwance a kan wani tsohon buhu, ƙashin bayanta ya fito reras. Gimbiya ake ce mata, saboda tsirfarta.

"Ki yi ta kwanciya," in ji Mai Girki. "Yunwa maganin muguwar dafuwa. Ranar da ta ishe ki, za ki ci."

Ba ta rufe baki ba dutse ya sauka a kan rufin kwano. Ya yi ƙara, ya gangaro a hankali, ya faɗo daidai gaban ƙafarta. Ta ɗaga kai tana shirin zagin yaran unguwa, amma babu motsin kowa a bayan katanga, ko dariya babu. Da ta sunkuya ta taɓa dutsen, sai ta ji shi da ɗumi kamar yanzu aka cire shi daga tafin hannu.

Magen ta Inna ce, mahaifiyar Mai Girki. Lokacin da Inna take da lafiya, kowace yamma takan dafa ƙananan kifi, ta zauna a kan kujerar tsuguno, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana zare ƙaya da yatsunta. Tsokar ta murmushe wa Gimbiya, ƙayar kuma ta tara a gindin katanga. Da safe ba a samun komai a wurin, kuma ba wanda ya taɓa tambayar inda take zuwa. Daga baya ciwo ya shanye wa Inna ɓarin jiki, ya karkace mata baki, ya kwantar da ita a ɗakin baya, maganarta ta koma sai an kasa kunne.

Kada a zalunci Mai Girki. Mijinta direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya fiye da gida. Ita ce wankan Inna, ita ce juya ta, ita ce magani, ita ce makarantar 'yarta tilo, wadda suke kira Takwara saboda sunan Inna ta ci. Mace mai irin wannan kaya a kanta ba ta da lokacin zare wa mage ƙaya. Ta fara jefa mata soyayyen nama daga kular aiki, Gimbiya ta shinshina ta kau da kai. Ta gwada kan kaza, ta gwada burodi. A ƙarshe ta shiga kanti ta sayo busasshen abincin mage, irin na buhu, mai hoton wata ƙatuwar mage tana lashe baki.

Mai kantin ya gaya mata gaskiya. Ya ce a riƙa gauraya shi da tsohon abincin kaɗan-kaɗan, a jiƙa da ruwan ɗumi, in kuma mage ta ci gaba da ƙi, a kai ta likitan dabbobi ya duba bakinta. Mai Girki ta yi dariya ta ce ita kanta ba ta ga likita ba. Rana ɗaya ta canza komai, ta cika kwano, ta ɗauki jakarta.

Jifan bai tsaya ba. Kullum da an kira magariba sai duwatsu su fara sauka, ɗaya, shiru, sannan wani. Wata rana suka tarar da buhun a kife, an jera ƙwayoyin abincin a gindin katanga kamar layin tururuwa. Wata rana kuma Mai Girki tana alwala ta ji an ja dogon tsaki daga ƙarƙashin matakala, irin tsakin tsohuwar da aka ɓata wa rai. Ta haska fitilar waya. Gimbiya kaɗai ce a wurin, idanunta a rufe.

Tun daga nan zuciyarta ta fara cin ta. Ta san abin da malamai ke faɗa game da wanda ya bar mage da yunwa, tun tana ƙarama take ji. Ta sayo wani iri mai ɗanɗanon kifi, ta sayo wani mai ɗanɗanon kaza, duk busassu, duk Gimbiya ta ƙi. Sai haushi ya zo ya danne nadamar. Ko da ta shiga ɗaukar farantin Inna ta tarar an ɗan tsakuri gefen shinkafa an bar nama, da wasa ta ce, "Inna, ke ma kin koyi tsirfar magenki ne?" Tsohuwar ta yi murmushi da rabin bakinta mai motsi, Mai Girki ta fita da farantin tana sauri.

Sannan abin ya koma kan Takwara. Yarinya mai surutu, mai cin abinci kamar gara, ta daina ci, ta daina magana. Da yamma sai a gan ta tsugune a gindin katanga tana tona ƙasa da farce. Ranar da uwar ta kama hannunta za ta ɗaga ta, yarinyar ta juyo, idanunta sun kafe, ta yi wannan tsakin, shi ɗin dai, sannan ta zube.

Maƙwabciyarsu ce ta ruga ta zo da Malam. Dattijo ne siriri, mai magana ƙasa-ƙasa, wanda aka sani da yi wa masu irin wannan lalura karatu. Bai tambayi komai da yawa ba. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka lulluɓe yarinyar, maƙwabciya ta riƙe kafaɗunta, ya zauna daga gefen kanta ya fara karatu. Hasken yamma yana janyewa daga katanga. Duwatsu suka sauko a jere, sannan suka ɗauke gaba ɗaya, har ana jin ɗigar famfo.

Jikin Takwara ya sandare. Bakinta ya buɗe, muryar da ta fito ta tsufa ƙwarai, a dishe take.

"Ya isa. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Mace ce ni, Malam, gyara bakinka. Na riga tubalin gidan nan zama a nan."

"Me yarinya ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba. Baki na ara. Na yi jifa ba a ji ba, na yi tsaki ba a ji ba."

Mai Girki tana tsaye jikin bango. Muryar ta ci gaba, a hankali, kamar mai ba da labarin da ya gundure ta. Ta ce ita da tsohuwar gidan ba su taɓa gaisawa ba, ba su taɓa faɗa ba. Tsohuwa ta zare ƙaya, mage ta ci tsoka, ita ta ci ƙaya, kowa ya kwana lafiya. "Sai wannan ta kawo mana tsakuwa a buhu," in ji ta. "Me zan tsotsa a jikin tsakuwa?"

"Yunwarki ba ta ba ki jikin yarinya ba. Za ki fita."

"A yanka mini wani abu, ko ɗan ƙarami."

"Ba a yanka wa kowa sai wanda ya halicce ni da ke."

"To a ba ni magen, mu tafi tare."

"Ba taki ba ce."

Ya ɗaga murya da karatu. Yarinyar ta gantsare, ƙafafunta na dukan tabarma, uwar ta toshe bakinta da mayafi don kada ta yi ihu. Da ya sassauta, muryar ta dawo a gajiye.

"Zan tafi. Akwai inda masu kifi ke zubar da shara, can ba a rowa. Na rantse da wanda kake kira, ba zan dawo ba. Amma bari in yi magana ɗaya da uwarta."

Malam ya ce ta faɗa ta tafi.

Kan Takwara ya juyo a hankali har idanun suka tsaya a kan Mai Girki.

"Ke mai ciyar da mutanen gari. Kin taɓa buɗe bakin magen nan?"

Mai Girki ta girgiza kai.

"Haƙoranta sun zube, sauran sun ruɓe. Ba tsirfa take yi ba, taunawa ce ba ta iyawa. Mu uku muke kwana da yunwa a gidan nan. Ni ina da dutse, mage tana da kuka. Ta ukun ba ta da ko ɗaya, kuma ko an sa mata dutse a hannu ba za ta jefe ki ba."

Yarinyar ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki. Wata iska ta bi gindin katanga ta wuce. Can sai Takwara ta buɗe ido, ta dubi mutanen da ke kanta, ta ce da muryarta ta kullum, "Mama, ƙishi nake ji."

Maƙwabciya ta fashe da kuka tana hamdala. Mai Girki ta rungume 'yarta, ta ba ta ruwa, ta yi wa Malam godiya, amma ta kasa haɗa ido da shi. Shi kuwa ya sa takalmansa ya fita. Da ma zagin ta ya yi, da ta fi samun sauƙi.

Ta durƙusa ƙarƙashin matakala ta ɗauki Gimbiya, ba nauyi ko kaɗan. Ta ɗaga leɓenta da yatsa. Dasashin ya yi jajir, ya kumbura, 'yan haƙoran da suka rage sun yi baƙi. Ta ajiye ta, ta shiga kicin. Ta dafa dankali da kifi har suka yi laushi, ta zauna ta zare ƙaya da yatsunta, ta murmushe komai da romo. Ita da take girka wa baƙi abin da ransu ke so tun safe har yamma, aikin nan bai ɗauke ta komai ba, kuma wannan ne ya fi yi mata ciwo. Ta zuba kaɗan a murfin kwano, Gimbiya ta miƙo wuya ta fara lasa. Sauran ta ɗauka ta nufi ɗakin baya.

Inna tana kwance, idonta biyu. Mai Girki ta tayar da ita ta jingina ta da filo, sai a lokacin ta lura da yadda rigar ta yi mata yawa, da yadda zobenta ya koma yawo a yatsa. Kullum tana wanke jikin nan, kullum cikin sauri, hankalinta na kan agogo.

Ta ɗebo cokali ɗaya. Inna ta karɓa ta haɗiye. Kafin na biyu ya iso, bakin ya riga ya buɗe yana jira. Haka na uku, haka na bayansa, ba ta ko tsaya numfashi sosai ba, romo na bin gefen bakinta da ya mutu. Mai Girki tana ba ta, hawaye na zuba a kan hannunta, ta kasa cewa a yafe mata.

Cokali ya kankari gindin kwano. Inna ta dubi kwanon, ta dubi 'yarta, kunya ta bayyana a rabin fuskarta mai rai. Ta yi ta kokawa da harshenta kafin maganar ta fito.

"In ba ki gaji ba," in ji ta, "da saura?"