Ƙarfe a Miyar Najiba

Karo na uku ke nan ana dawo wa Najiba da kular abincinta daga gidan su saurayinta a unguwar Jekadafari, ko buɗewa ba a yi ba. Yau har da saƙo: Hajiya Delu, mahaifiyar Abdulgafar, ta ce a dakata da maganar sa rana.

Najiba ta zauna bakin murhu. Ko kukan ma ta gaji da shi.

Tun da aka yi baikonsu take aika masa tuwon shinkafa da miyar taushe duk Juma'a. To wata guda ke nan, da ya kai loma sai ya yamutsa fuska, wai ƙarfe-ƙarfe yake ji a baki, daga nan sai zaryar banɗaki. Ya rame har wuya ya fito. Abincin gidansu ma haka yake yi masa, amma wa zai zargi tukunyar uwa? Fanta, 'yar ƙanwar Hajiya da ta daɗe tana sonsa, ita ta raɗa wa tsohuwar cewa barbaɗe ake yi wa ɗanta. Su Fanta ba a iya dafa ruwan zafi ba, amma wajen haɗa tuggu ba a magana. Kafin mako guda, har a wurin markaɗe a Bagadaza, unguwar su Najiba, nuna ta ake da baki.

Shi kuwa gogan, kullum a waya sai “Ki yi haƙuri, rabin raina... zai wuce.”

Da la'asar ya zo zauren gidan su Najiba. Garin zaro hankici, katin ƙwayoyi ya faɗo daga aljihunsa. Ta ɗauka ta juya. Metformin. Irin wanda Baffanta yake sha, ita ce ma ta yi jinyar Baffan a makonnin farko, da gudawar da ɗacin bakin duka.

“Ciwon suga gare ka?”

Ya sunkuyar da kai. Ya ce sati shida ke nan da aka gano, likita ma ya faɗa masa maganin kan yi haka da farko. Tsoro ya ji kada danginta su ce ba za su ba mara lafiya 'ya ba.

“Wato ka san ba ni ba ce.”

“Najiba, kada in rasa ki ne...”

“Ka san ba ni ba ce, Abdul.”

Ya karɓi katin maganinsa ya fice.

Ranar ya faɗa wa Hajiya gaskiya. Washegari tsohuwar ta tako da ƙafarta har Bagadaza, da turmin atamfa da ban haƙuri, kunya kamar ta nutse. Najiba ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce wallahi ta yafe. Amma bayan fitar tsohuwar, Najiba ta roƙi Baffa a mayar wa su Abdulgafar kayan baikonsu.

Abdulgafar ya dawo zauren idonsa jajur. Tana sonsa har gobe, wannan ba ta ɓoye masa ba.

“Da ciwon ka kawo min, da na yi jinyarka har ƙarshen raina,” ta ce a hankali. “Amma wata guda ana ce min mai asiri, kana ji, ka yi shiru. Na gaji.”

Ta juya za ta shige, sai ta tsaya ba tare da ta waiwayo ba.

“Ka daina shan sa cikinka babu komai. Ka fara cin abinci tukuna, zai yi maka sauƙi.”

Ta saki labule.