Hoton da Aka Ɗauka a Maƙabartar Coci

Ranar Asabar da hantsi Ikram tana kicin ɗin mahaifinta a garin Mechelen na ƙasar Beljiyam tana murza kuskus da man zaitun, kamar yadda ta saba duk mako tun rasuwar mahaifiyarsu. Sai aka banko ƙofa. Yayanta Redouane ne, ko takalmi bai cire ba, waya a hannu.

"Baba! Baba, fito ka ga surukinka na ƙwarai!"

Mahaifinsu Malam Abdelkader ya fito daga falo yana laluben tabarau. Ya karɓi wayar, ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙa wa 'yarsa.

Hoton mijinta Wouter ne. Ga jar hularsa ta sanyi da ita da kanta ta saya masa. Yana durƙushe gwiwa biyu, kansa a sunkuye, a gabansa kuma baƙin dutsen kabari mai gicciye a samansa.

"Yanzun nan aka ɗauka," in ji Redouane. "Wani abokina ne ya wuce ta maƙabartar coci. Na riga na tura shi gurup ɗin samarin masallaci, kowa ya gani! Dama na faɗa, Baba. Mutum ya musulunta don mace, me kake jira? Gobe ɗaya ga Nuwamba, ranar bikin matattunsu, jini ya motsa!"

"Yaya, don Allah..."

"Don Allah me? Tambayi kowane malami. Miji ya yi ridda, aure ya warware. Yau a gidan nan za ki kwana."

Ikram ta dafa cikinta na wata shida. Shekara huɗu da musuluntar Wouter, biyu da aurensu, ba ta taɓa ganin asuba ta wuce shi ba. Amma ta tuna bara war haka ya dawo gida da gwiwoyin wandonsa jiƙe, da ta tambaya ya ce aiki ya taya mahaifiyarsa. Yau ma da sassafe ya fita yana kauce wa idonta. Ta kira wayarsa sau uku. A kashe.

"Kin san da wannan?" mahaifinta ya tambaya a hankali.

"Wallahi ban sani ba, Baba." Hawaye suka zubo mata. "Amma na san mijina!"

"Kin san shi, ga shi kina kuka," in ji Redouane.

Tsohon ya ɗauki kwat ɗinsa daga jikin ƙofa. "Ban taɓa raba aure a kan hoto ba. Ɗauko mota. Idan abin da ka faɗa ne, da hannuna zan dawo da ita gida."

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta fi tsorata ta, domin mahaifinta ba ya magana biyu. Suka shiga mota su uku. Ikram sai karanto duk addu'ar da ta zo bakinta take yi, tana tunanin yaron da za a haifa a gidan da ba uba.

Maƙabartar ta cika da jama'a, kowa da bokiti da tukwanen furanni rawaya da farare. Ikram ce ta fara hango jar hular. Yana nan a durƙushe yadda yake a hoto.

Da suka matso sai ta ji ƙarar buroshi a kan dutse, sannan ta ji muryar surukarta Godelieve, wadda ke zaune a keken guragu da bargo a cinya.

"Ta gefen hagu, Wouter! Gansakukar nan har daga nan ina ganinta. So kake gobe maƙwabciyata matar Peeters ta ce na bar ubanka cikin datti?"

Wouter ya ɗago, ya gan su. Buroshin ya faɗa cikin bokiti.

"Baba... Ikram... me ya faru?"

Kafin kowa ya amsa, tsohuwar ta tafa hannu. "Malam Abdelkader! Gara da Allah ya kawo ka. Zo ka yi wa yaron nan faɗa, wataƙila kai ya ji maganarka. Tun da ƙafafuna suka mutu shi ke wanke mini kabarin nan, wannan kam ban hana masa ba. Amma shekara uku ina roƙonsa ya kunna wa ubansa kyandir guda ɗaya tak, ya ƙi! Gicciyen ma ba ya taɓawa, ni nake goge shi da tsumma a bakin sanda, dubi hannuna. Gobe kuwa zai tura ni har ƙofar coci, ya damƙa ni ga maƙwabciya, ya koma mota ya zauna kamar direban tasi. Wannan tarbiyya ce?"

"Mama, mun sha yin maganar nan," in ji Wouter, kunnuwansa sun yi ja.

"Mun sha yi, kuma ba ka canja ba. Taurin kai irin na ubanka!"

Ikram ta rufe baki da mayafinta. Kuka take yi, dariya kuma tana neman ƙwace mata.

Malam Abdelkader ya ɗan rusuna. "Madam Godelieve, ki yi haƙuri, a nan ba zan iya taya ki faɗa ba. Ubangijinmu ya ce kada ɗa ya bi iyayensa a kan abin da ya saɓa wa imaninsa, amma ya zauna da su a duniya da kyautatawa. Ɗanki ya riƙe duka biyun. Da yawa cikinmu ɗaya muke iya riƙewa."

"To, ni dai kyandir nake so," ta ce, tana gyara bargo.

Tsohon ya juya ga surukinsa, fuskarsa ta tsuke. "Kai kuma, me ya hana ka gaya wa matarka?"

Wouter ya sunkuyar da kai. "Tsoro, Baba. Na tambayi liman tun shekarar farko, ya nuna mini iyakata. Amma na san duk wanda ya ji an ce maƙabartar coci, ba zai tsaya jin sauran ba."

"Ai ga shi ɓoyon naka ya kusa raba ka da iyalinka yau."

Wouter ya dubi Ikram, ya ga idanunta sun kumbura, sai a lokacin ya fahimci abin da ya kawo su. "Ki yafe mini."

"Na yafe," ta ce. "Amma baɗi ni zan wanke wandon da sanina."

Redouane ya fara ja da baya. "Baba, ni fa hoton kawai na gani, sori..."

"Hoton ya nuna maka gwiwa, bai nuna maka buroshi ba. Ka kira Musulmi kafiri a gaban mutum hamsin. A gurup ɗin da ka zuba maganar, a nan za ka kwashe ta, yanzu, ina tsaye." Ya jira har ya gama rubutawa, sannan ya nuna masa bokitin. "Ruwan nan ya yi datti. Famfo yana bakin ƙofa."

Redouane ya ɗauki bokitin ya tafi, Godelieve na bin sa da murya: "Kada ka cika shi, saurayi, za ka jiƙa mini furanni!"

Ikram ta tsaya bayan keken surukarta, ta riƙe mariƙin keken da hannu biyu.

Haka abin yake. Addini ya shata wa Musulmi iyaka a kan ibadar da ba tasa ba, amma bai ce ya yar da uwar da ta haife shi ba. Mai ɓoye gaskiya don tsoro yana buɗe wa zato ƙofa, mai gaggawar yanke hukunci kuwa yakan ƙare da ɗaukar bokiti. Da Malam Abdelkader bai yi haƙurin tafiyar minti goma ba, da jikarsa Soumaya, wadda aka haifa a watan Fabrairu, ba a hannun ubanta ta fara jin kiran salla ba.