Dogon Yaro Arba'in a Gonar Baba

"Tumɓuke su, Tani!"

Bokitin da ke hannuna ya suɓuce, ruwan ya malale a ƙafafuna.

"Baba..."

"Na ce ki tumɓuke su! Ko ke ma kin koma ɗiyar gwamnati?"

Gangar gayya ta yi shiru. Matan unguwarmu da tsintsiyoyinsu, samari da shebur da kwanduna, kowa ya tsaya cak. A gabana 'yan itatuwan dogon yaro ne guda arba'in, ko gwiwata ba su kai ba, an jera su a kan iyakar gonar Baba, inda ta haɗu da kurmin bayan unguwa.

Ladan, mai neman aurena, ya fito daga cikin kurmin a guje, wandon kakinsa duk laka. Ya zube a gaban Baba.

"Allah shi huci zuciyarka, Baba. Ni na dasa su. Kyauta ce, daga gandun renon gwamnati na ɗauko irinsu..."

Na runtse ido. Wayyo Ladan, da ka yi shiru!

"To ka ji da kunnenka!" in ji Malami mai sayar da itace, yana gyara hula a bayan Baba. "Mi nac ce maka? Yau icce, gobe a kafa allo, jibi a ce gonarka ta zama gandun daji."

Baba ya juya ya dubi Ladan.

"Yaro, can garinku Shagari, baƙo na dasa icce a gonar da ba tashi ba?"

Baba bai jira amsarsa ba.

"Kayan neman aure da danginka sunka kawo, gobe za a maishe su. Kada in ƙara ganin ƙafarka ƙofar gidana."

Wata biyar ke nan da na fara ganin Ladan. Malamin daji ne, an turo shi Bodinga a shekarar da komai ya yi tsada, har sabulu da madara sai an bi layi. Kurmin da muka yi wasa a ciki muna yara ya koma juji: kututture, gwangwanaye, da yagaggun takardun 'yan siyasa na zaɓe. Gwamnati ta tsuke bakin aljihu, ba leburori, ba motar ruwa. Sai ya bi gida-gida yana roƙon gayya duk ranar Asabar.

Ni malamar firamare ce, ni na rubuta masa sunayen gidaje. Muka kwashe shara, muka yashe kwata, kowane gida ya ɗauki icce biyar yana ba su ruwan alwala. Ni da shi kuma muka reni iri a gwangwanayen da muka tsinto daga jujin.

Wata rana yana miƙo mini gwangwani ya ce, "Tanina, ki ba ni shekara biyar. Za ki taka daga ƙofar gidanku har makaranta rana ba ta taɓa ki ba."

Tun daga ranar, in na rufe ido hanyar nake gani. Inuwa shimfiɗe, ganye na kaɗawa, ni da shi muna tafe a hankali ba mai sauri...

Hanyar kuwa ta gefen gonar Baba ta bi. Shi ya sa Ladan ya dasa itatuwan a can, bai gaya wa kowa ba, wai yana son ya ba mu mamaki.

Ban tumɓuke ko ɗaya ba. Na shige ɗakin Gwaggo Zulai, yayar Baba, na kifa kai a cinyarta.

"Gwaggo, mene ne laifin inuwa?"

"Ke dai kin yi boko kin rasa wayo," ta ce tana shafa kaina. "Gona ana ara wa baƙo shi noma gero, amma ba shi dasa icce. Wanda duk yad dasa, iccen nashi ne, kuma wata rana sai shi ce ƙasar ma tashi ce. Fadamar kakanki haka tat tahi zamanin Turawa. Icce anka fara kawowa, ubanki na yaro yana kallo."

"To me ya hana Baba ya cire su da kansa?"

"Tsoro! Malami ya ce mai duk wanda yat taɓa iccen gwamnati sai gidan yari. Ke yas sa don ya san Ladan ba shi kai ki ƙara."

Sati biyu itatuwan suna nan tsaye. Kullum da safe Baba ya je ya tsaya a kansu, ya dawo bai iya shan kunu ba. Ladan ya ɗauki hutu ya koma Shagari. Gayya ta fara watsewa, shara ta fara komawa bakin kurmi.

Malami kuwa ya fara zarya gidanmu, yau sandar sabulu, gobe gwangwanin madara. Ya aiko a kira ni zaure.

"Malama Tani, ni ba baƙo ba ne. Gidana ba a cin tuwo da alkawarin inuwa."

"Haka ne," na ce. "Kai da ka sayar da inuwar garin nan dami-dami."

Na bar shi da sabulunsa.

Ranar Laraba Gwaggo ta yafa mayafi ta ce wa Baba za mu dubiya. Muka hau a-kori-kura zuwa Shagari. Duk hanya gero ya yi yaushi, damina ta yi rowa, amma ni zuciyata sai tsalle take.

Inna Talatu, mahaifiyar Ladan, ta amsa gaisuwarmu a daƙile.

"Ku ne kunka kunyata mini ɗa gaban gayya?"

"Ɗanki yak kunyata kainai," in ji Gwaggo, tana zama ba a ba ta tabarma ba. "Ke ba ki koya mai al'ada ba kahin ki kai shi makarantar daji?"

Na bar su suna yi. Ladan na bayan gida a gindin tsamiya, ya rame.

"Tani? Ke ce, ko idona ne?"

"Ni ce."

"Sanyin idona... na ɗauka shi ke nan."

Na zauna nesa kaɗan, na kwashe labarin fadamar kakana na gaya masa. Ya dafe kai.

"Wallahi ban nufi ko taki ɗaya na gonarsa ba!"

"Na sani. Amma rantsuwa ba za ta sa Baba ya ci abinci ba. Ka zo ka cire su da hannunka, a gaban mai unguwa."

Ya ɗago da sauri.

"Tani, damina ta kusa ɗaukewa. In aka tashe su yanzu, da wuya su rayu. Wata biyar muna renonsu, ni da ke!"

"Na sani..."

"Hanyarki ce fa."

Hawaye suka zubo mini. "Me zan yi da hanya in ba ka cikinta, Ladan?"

Ya rako mu har bakin mota. Bai ce zai zo ba. Bai ce ba zai zo ba.

Asabar ta zo. Mutanen da suka fito gayya ba su kai ashirin ba. Ina shara ina satar kallon hanyar mota. Hantsi ya ɗaga. Malami ya zo ya tsaya kusa da Baba yana murmushi.

Sai ga ƙarar babur!

Ladan ne, ya goyo mai unguwa. Bai sa kaki ba, riga ce 'yar shara a jikinsa. Ya gaida Baba, Baba ya kau da kai. Ya ɗauki shebur ya nufi icce na farko.

A hankali yake haƙawa, yana zagaye saiwar, yana ɗago kowanne da ƙasarsa kamar mai ɗaukar jariri. Ɗaya. Biyu. Goma. Labari ya zaga unguwa, mutane suka yi ta fitowa. Zufa ta jiƙa masa riga, tafin hannunsa ya fashe. Bai tsaya ba sai da ya kai na ƙarshe.

Ya jera su arba'in a gaban Baba, ya durƙusa.

"Mai unguwa shaida ne, jama'a shaida ne. Ba ni da icce a gonarka, gwamnati ma ba ta da shi. Na yi kuskure, Baba. Ga su nan, in ka so ka ba awaki."

"Dabara ce!" Malami ya yi caraf. "Gobe shi kawo takarda..."

"Malami," mai unguwa ya katse shi, "kututturan da ke cikin kurmin ga, in anka tambayi wa yas sare su, kana son a fara kawo takarda?"

Aka fashe da dariya. Malami ya tuna yana da aiki a kasuwa.

Baba bai yi dariya ba. Ya sunkuya ya ɗauki ɗaya, yana juya shi, yana kallon fararen saiwoyin da suka leƙo. Ya kalli hannun Ladan mai jini. Ya kalle ni.

"In ni na dasa da hannuna, na wa ne?"

"Naka ne, Malam Abdulƙadir," in ji mai unguwa. "Har jikokinka."

"To rana na cin su muna tsaye muna surutu." Ya naɗe hannun riga. "Kai Ladan, ka gyara ramin, ni in sa. Tani, ruwa!"

Mai ganga ya ɗora sanda. Gwaggo ta rangaɗa guɗa har tsuntsaye suka tashi daga kurmin. Mata suka ruga gida ɗebo ruwa, samari suka koma kan shara kamar ba a taɓa fasawa ba.

Na zo zuba wa icce na uku ruwa, Ladan na durƙushe a bakin ramin. Ya ɗago kai.

"Ba duka za su rayu ba, abar ƙaunata," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Waɗanda suka rayu sun ishe mu."

Muka tsaya muna kallon juna, ruwa na zuba har ya cika ramin ya tumbatsa, ni ban ma sani ba...

"Kai, malamin daji!" Baba ya daka tsawa, icce a hannunsa. "Rami nac ce ka gyara, ba ɗiyata nac ce ka kalla ba. Wannan sai danginka sun dawo, bayan Salla!"