Goshin Gado Bai Yi Zafi Ba

"Taɓa ki ji, Hajja... akwai zafi?" in ji Gado.

Hindu ta dubi Malak, 'yar Gado, sannan ta ɗora bayan hannunta a goshinsa. Tun ranar da iyayenta suka ce ba za su ba ɗan ƙwadago 'yarsu ba, sai yau ta taɓa shi. Goshin sanyi ƙalau.

"Kwayyis kake, lafiyarka lau, tari ne kawai."

Ita da Gado dukansu sun binne abokan zamansu, furfura ta gama gari, amma da Gado ya aiko neman aurenta sai ga Hindu tana duba madubi kamar budurwa. Ɗanta Adam ne ya kafe, wai jinya kawai za ta tafi yi. Maganar ta soki Gado. Ranar da aka saki ruwan noma ya naɗe wando ya shiga tur'a, magudanar ruwan gonaki, har ƙugu, cikin sanyin safiya, ya buɗe wa gonar Adam ruwa a gaban kowa. Kunya ta sa Adam ya amince, aka sa Juma'a.

Daga nan tarin ya fara. Malak ta so a kai shi asibiti a garin Managil, shi kuwa ya ce sai abin da Hajja ta faɗa. A ƙauyen da zafin jiki ake auna ciwo, hannun Hindu kuma bai taɓa kuskure a kan yaro ba. Ta ce hayaƙin bagaruwa ya isa. Ƙasan ranta ma ba ta so Adam ya ji an ambaci asibiti.

Ana zana mata lalle aka zo da labarin Gado ya daina gane mutane.

A Managil likita ya ce jikin tsoho sau da yawa ba ya da ƙarfin tayar da zazzaɓi, garkuwarsa ta yi rauni, ciwon ya ci huhun a shiru. Hindu ta ji kamar ta yanke hannun nan.

Da ya farfaɗo, ita ya gane.

"Hinduna... lallen ya kama."

"Ni na cuce ka, Gado."

"Kin taɓa ni, halas, ya ishe ni."

Ranar Juma'a mutanen da aka gayyato ɗaurin aure su suka ɗauki makara. Mata suka cika gidan Malak da gaisuwa. Hindu ta zauna can gefe cikin baƙi, ta ɓoye hannuwanta cikin mayafi. Ko takaba ba ta da ikon yi masa.