Na Ƙara Mata Minti Ashirin

Gab da magariba na je ɗauko jikata daga asibiti. Ni na kai ta da kaina, don na gaji da shiriritarta. Aikinta duba yadi a masaƙa, amma sai tabo ya wuce ta gabanta tana can tana tunani. Mai gidan aikin ya ce saura kuskure ɗaya ya sallame ta.

Ɗakin yana ƙarshen baranda. Na same ta zaune da hular roba a ka, an cusa soso biyu jiƙe da ruwan gishiri a ƙarƙashi, waya ta bi ta keya zuwa wani ɗan akwati. Likita ta ce wuta ce 'yar kaɗan, kamar tafiyar tururuwa a fata, tana tattaro hankali waje ɗaya. Aka ba ta maɓalli a hannu: duk abin da ya motsa a allo, ta danna.

"Minti ashirin ne, zai mutu da kansa," in ji likita. "Hajiya, kar ki taɓa komai." Ta fita amsa kira.

Akwatin ya yi ƙara, ya mutu. Na dubi yarinyar, har ta fara hamma.

"Kaka, ai an gama."

"An gama me? Wankin da ya yi dauɗa sau biyu ake jiƙa shi. Zauna."

Na danna koren madannin da na ga likita ta danna.

Da farko na ji daɗi. Bayanta ya miƙe. Ƙas, ƙas, tana danna maɓallin, ba ta kuskure ko ɗaya. Sai allon ya ɗauke, ya yi baƙi.

Ƙas.

Ba allon take kallo ba. Idonta na kan kusurwar da ke bayana, ko ƙiftawa babu. Ruwan gishiri na gangarowa cikin idon, ba ta share ba.

Ƙas. Ƙas.

"Ke, meye haka?"

"Kaka," ta ce a hankali, "mu nawa muka shigo?"

Fanka ta tsaya. Na ji warin tsohuwar rijiya, sanyi ya sauka a wuyana kamar an hura.

"Dama kullum suna nan," ta raɗa. "Ba ma lura ne. Kar ki juya. Ta bayanki ta gane ina ganinta."

Ƙas ƙas ƙas ƙas.

Na ja hular, ta ƙi fita. Na nemi addu'a, ko ɗaya ban tuna ba. Wani abu ya dafa kafaɗata, yatsun sun kai har ƙirjina.

"Yanzu ni take so," in ji jikata.

Na kama wayar da haƙori na tsinke ta.

Na ja yarinyar a ƙasa har baranda, takalmina ɗaya na ciki.

Ba a sallame ta daga aiki ba. Ko zare ɗaya ba ya wuce ta yanzu. Amma ta rame, kuma a kowane ɗaki idonta na bin abin da ba na gani. Shekara ashirin ina ce mata ta mai da hankali. Na daina.

Jiya ta manta tukunya a wuta har ta ƙone. Na tsaya cikin hayaƙin ina roƙon Allah ya sa gobe ma ta manta.